Ranar da Na Yi Bikon Jirgi

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya buɗe bakina bayan ni da kaina na rufe shi.

Sunana Ishaya, mutumin ƙasar Zuru. Aikin wayar iska ne ya kawo ni filin jirgin Sakkwato tun Turawa na mulki. Ni ke magana da matuƙan jirgi, in gaya musu yadda sama take da inda iska ke kaɗawa.

Da matata Rahila muka zo. Muka kama ɗaki a Ƙofar Rini, a bayan gidan wani mahauci mai suna Mamman. Duk unguwar babu mai jin yarenmu, Dakarci, sai mu biyu. Da Turanci nake aiki, da Hausa nake cefane, amma in na shiga ɗaki na saki labule, da harshen uwata muke hira har mu yi dariya.

Sai Rahila ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Ban zage shi ba, gaba na shiga yi da shi. Na daina addu'a, na daina zuwa majami'a. In na taso daga aiki sai in kwanta in zuba wa rufin ɗaki ido. Mamman kan leƙo da ƙunshin balangu ya ce, "Malam Ishaya, halan bakin ga naka haya kab ba da shi?" In ce na gode, in tura ƙofa. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, kuma ban so kowa ya raba ni da shi ba.

A filin jirgi akwai wata na'ura mai dogon ƙarfe da ke aika sauti sama dare da rana. A cikin jirgi kuma akwai allura da ke nuna inda sautin yake fitowa, ko da matuƙi ba ya ganin ƙasa. Turawa na ce wa na'urar bikon. Mu kuwa mukan yi dariya mu ce sunan ya dace, tun da aikinta ke nan, bikon jirgin da ya yi yaji a sama.

A daminar da ta gabaci samun mulkin kai, wata safiya tsawa ta faɗa wa ƙarfen nan, bikon ya mutu murus. Gajimare ya sauko har kan itatuwa, ruwa na zuba. Ina zaune ni kaɗai a ɗakin waya, sai ga Mamman a kan keke, ya jiƙe sharkaf. Ya riƙe ƙarfen taga ya ce, "Malam Ishaya, iyalina na asibiti, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. An ce sai an yi mata aiki, likitan ko shina cikin jirgin ga da ka tahowa yau. Shina sauka dai ko?"

Na kalle shi, na ga fuskar da ni ma na taɓa yawo da ita.

Ba a jima ba matuƙin ya kira. Bature ne, ƙaramin jirgi yake tuƙawa. Ya ce yana bisa gajimare, allurarsa sai juyi take yi, man da ya rage masa kuma ba zai mai da shi Kano ba. Na gaya masa bikon ya mutu. Sai ya ce, "Ishaya, wayarka tana aiki da batir, ko? Mai da ita zangon bikon, ka danna makunni, ka yi ta magana. Allurata za ta bi ka. Amma walƙiya ma takan ja allura, saboda haka sai ina jin muryarka zan tabbata kai nake bi. Kada ka yi shiru sai ka gan ni a ƙasa."

Ku ji fa! Ni da ko gaisuwa ke yi mini nauyi, ni aka ce rayukan mutane na rataye a bakina.

Ga kuma wuyar abin: muddin ka danna makunnin nan, ba ka jin ɗaya ɓangaren. Magana za ka yi ta yi, ba ka san ko ana jin ka ba.

Na danna. Na faɗi yanayin sama, na maimaita. Na yi ƙirga, na karanta abacada, na jera sunayen garuruwa. Sai Turancin ya ƙare, Hausar ma ta ƙafe, bakina ya tsaya cik. Mamman ya jijjiga taga ya ce, "Hwaɗi wani abu mana, bawan Allah! Ko zagina ka yi!"

Na buɗe baki, sai Dakarci ya fito, wanda ban furta ba tun ranar da aka binne Rahila. Kuma ba da matuƙi nake ba, da Allah nake.

Na ce masa, ina kake ranar nan? Na kira ka har muryata ta dishe! Ka kawo mu garin da ba mu da kowa, ka ɗauke ɗaya tilo mai jin maganata. Me na yi maka? Faɗa nake yi sosai, hawaye na zuba a kan tebur, yatsana na kan makunni.

Can sai muka ji ƙugin inji a cikin gajimare. Ya bi ta kanmu, ya wuce, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Mamman ya ɗora hannu a ka ya ce, "Ya wuce! Wallahi ya tahi!"

Ni na san tsarin. In allura ta juya baya, matuƙi ya san ya haye filin. Zai miƙe yana duban agogo da kamfas, ya yi kwana, ya dawo yana sauka sannu a hankali har ya huda gajimare. Amma ba halin in saki in yi wa Mamman bayani, kuma ni kaina ban tabbata man zai kai ba.

A cikin shirun nan faɗana ya ƙare. Na durƙusa da abin magana a hannu na ce, Ya Yesu, ka ɗauki tawa, ban gane dalili ba. Ka bar wa mutumin nan tasa. Kada ka bari ya koma ɗaki irin nawa.

Sai ga jirgi ya ɓullo ƙarƙashin gajimare, ƙasa-ƙasa, daidai bakin fili. Halleluya! Ƙafafunsa suka taɓa ƙasa ruwa na fantsama. Aka sa likita a mota, Mamman ya bi su da keke ko sallama babu. Na saki makunni da ƙyar, yatsana ya sandare. Na zauna ni kaɗai na yi kukan da na daɗe ina bin kaina.

Matar Mamman ta rayu, ɗan ma ya rayu. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Bayan suna, Mamman ya zo ya zauna a bakin ƙofata ya ce, "Wai ran nan, wa ka ka yi ma hwaɗa haka?" Na ce Allah. Ya yi salati ya ce, "Kai, Malam Ishaya! To, ga alama dai shina jin yarenku. Koya mani gaisuwa ni ma." Washegari da sassafe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya gaishe ni da Dakarci. Ya karairaya shi kamar ƙashin rago, amma na amsa.

'Yan'uwa, har yau Allah bai gaya mini dalilin tafiyar Rahila ba, kuma har yau ni kaɗai ne a ɗakin. Amma na gode masa da bai bar ni na mutu da shiru ba. In akwai wanda ke gaba da shi a nan, ina roƙonka cikin sunan Yesu, ka dogara gare shi ka buɗe baki, ko da faɗa ne za ka fara. Rashin jin amsa ba ya nuna ba a jin ka. Amin.