Kwalaben Batir

A tashar Paiko da ke Minna, wani saurayi ya zauna kusa da dattijo mai buhun kwalabe.

"Baba, kwalaben nan fa?"

"Jari ne. Rediyo ta ce Turawa na neman kwalba ido rufe, su yi batirin mota. Akuyata na sayar."

"Kobal aka ce, Baba, ba kwalba ba! Ma'adini ne, haƙo shi ake yi. Ni babur ɗina na sayar, na zuba a kamfanin haƙar."

"Ka gan shi, kobal ɗin?"

"Ana kan nema."

"A ina?"

"Sun ce wani daji."

"To ɗana, ni in Bature bai zo ba, matata Magdalina ta ɗura man ja. Kai fa, rami za ka hau zuwa gida?"