Faifan Marigayi Baƙo Mai Gurmi

GANA: Salamu alaikum. Wa ke magana? Masinjan gidan waya ya taso ni daga bakin kogi.

FANNAMI: Alaikumus salam, Yaya Gana! Fannami ne, daga Kano.

GANA: Wane Fannami?

FANNAMI: Ɗan amshin ƙanenka, marigayi Baƙo Mai Gurmi. Ina wuni? Ina gajiya? Ya mutanen Haɗeja?

GANA: Lafiya lau.

FANNAMI: Ya iyali? Ya ruwa bana?

GANA: Ya cinye shinkafar Auyo, mun gode Allah. Shekara biyu tun ranar jana'iza ba mu sake ganinka ba, yau kuma sai waya?

FANNAMI: A yi haƙuri, Yaya. Albishir na kawo. An samo faifai...

GANA: Faifan me? Na tankaɗe?

FANNAMI: Na garmaho! Waƙoƙi shida da marigayi ya yi wa Baturen kamfani, ba a fitar ba. Yanzu za su fito. Hannu kawai za ka dangwala a takardar izini, tunda kai ne wansa.

GANA: Yaushe ya yi su?

FANNAMI: Da kakar da ya rasu.

GANA: Da kakar nan Baƙo yana kwance a zaurena, ko kunu ba ya wuce masa maƙogwaro.

FANNAMI: To... kafin nan ne. Wayar ce ba ta fita sosai.

GANA: Ni ina jin ka sarai. Faifan yana kusa? Ɗora shi, ka kara a bakin wayar.

FANNAMI: Ga shi... Ka ji? Ka ji gurmin nan?

GANA: Yi shiru! Allahu akbar... kamar ya shigo ɗakin nan. Har tarin da yake yi kafin amshi.

FANNAMI: Ban faɗa maka ba?

GANA: Dakata. Wa ya ambata yanzu?

FANNAMI: 'Yarsa mana. "Sakinatu, autar Baƙo."

GANA: Fannami.

FANNAMI: Na'am, Yaya.

GANA: Wata uku da binne shi aka haifi yarinyar nan. Ni na raɗa mata suna.

FANNAMI: Ai... ai ya sha faɗa mini, in mace ce...

GANA: Sunan da ya bar mana Hajo ne, uwarta ta ƙi. Shekara goma kana bayansa kana kwashe muryarsa. Wa ya rera wannan?

FANNAMI: Yaya, in da sunana ne ba mai saurara. Ban so a manta da shi ba, wallahi...

GANA: Ina gurminsa da ya ɓace ranar jana'iza?

FANNAMI: Ba na ji, Yaya, wayar...

GANA: Jirgin ƙasa na Laraba zan hau a Malam Madori, ina nan tafe Kano. Fannami? Fannami!