Rigar Kansila a Jikina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali?

Ni ne Sani Tela daga Ƙofar Sauri, shugaban wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba mu da kayan wasa, kullum sai aro. Ɗan ƙungiyarmu Lawal mai wanki da guga ne, shi ke ɗauko mana rigunan mutane, mu yi wasa, ya sake gogewa ya mayar.

Da mulki ya dawo hannun farar hula, muka gayyaci sabon kansilanmu kallo, ko zai tallafa mana. Na fito a ɗan siyasa maƙaryaci, ina ta zuba alkawarin rijiya, sai kansila ya miƙe ya ce, "Kai, wannan ai rigata ce!"

Wallahi nan take Lawal ya sulale. Can sai kansilan ya fashe da dariya, ya ce, "Na bar maku ita, amma a cire maganar rijiyar nan." Washegari ya aiko da riguna uku.

Jama'a, ku ba mu shawara: mu cire rijiyar, ko mu mayar da rigunan?

Ina gaida Lawal, duk inda ya ɓuya.