Ramin da Malam Abdulhafiz Ya Gani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Tsangayar Kimiyya, Shugaban Sashen Lissafi, Bulama, Malam Liman, uwargidan marigayi Hajja Yakaka da 'ya'yanki, abokan aiki da ɗalibai, ina yi muku gaisuwar rashi.

An zaɓe ni in yi magana a madadin sashenmu saboda ofishina na jikin na marigayi Dakta Abdulhafiz Saleh. Da son raina ne, da ina zaune cikinku na yi shiru.

Ya kasance mai taurin kai a kan abu ɗaya: ɗalibin da bai gama digirin farko ba, shi ma zai iya tsayawa gaban allo ya koyar da malamansa. Shi ya kafa seminar Laraba, inda yaranmu ke gabatar da lissafin da mu kanmu sai a digiri na uku muka gamu da shi. Duk wanda ya yi shakka, amsarsa ɗaya ce: "Ku dai ba su alli."

Ya kasance ba ya gyara wa ɗalibi. Yaro ya kai masa aikinsa, sai ya karanta, ya miƙa masa, ya ce, "Akwai rami." Ba zai faɗi inda kuskuren yake ba. Ɗalibinmu Justin ya taɓa bin sa har Kasuwar Kwastam yana roƙo, "Malam, ko shafin ne a nuna mini." Malam ya ce, "In na nuna maka, ni na gani, ba kai ba." Ya saya masa bandar kifi ya sallame shi. Wanda ya kasa ganowa, sai ranar Laraba Malam ya taso daga kujerar baya ya ɗora yatsa a kan layin.

Ya kasance yana koyar da 'yan matan sakandare a Umarari duk Asabar, kyauta. Hajja, mun san daga lokacinki da na yara aka ɗebi Larabobin nan da Asabar ɗin. Ki yafe mana. Ba mu da abin da za mu mayar miki.

Cikin 'yan matan nan Rumaisa'u ta fito, yanzu ɗalibar sashenmu ce, ga ta can zaune. Ita ce za ta gabatar ranar Larabar nan, kuma hujjar lissafin da ta rubuta ba daga littafi ta ɗauko ba, tata ce. Malam ya karanta, ya yi murmushi, ya ce mata, "Akwai rami." Washegari Allah Ya karɓi abinsa.

Jama'a, duk malaman sashen nan mun karanta aikin yarinyar nan, layi bayan layi. Ba mu ga komai ba. Ba za mu ce mata babu kuskure ba, don Malam bai taɓa faɗin haka a banza ba. Ba kuma za mu iya nuna mata ba. Jiya ta same ni a ofis ta ce, "Malam, in tsaya ranar Laraba, ko in bari?" Wallahi har yanzu tana jiran amsata.

Mun gode wa duk wanda ya baro harkarsa ya zo. Allah Ya jiƙan Malam Abdulhafiz, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya ba Hajja haƙuri. Mu kuma da ya tafi ya bar mu da wannan yarinya, Allah Ya buɗe idonmu mu ga abin da ya gani. Amin.