Dattijon da Aka Bari a Waje

A tashar Mbare, motar Masvingo ta ƙi cika. Shupikai na kallon shirin ban tsoro a waya, wata tsohuwa mai kaza a cinya tana leƙe.

"'Yata, wane ne ke buga musu ƙofofi haka?"

"Ubansu ne, Gwaggo. Ya mutu, amma ya hana su sakat a gidan."

"Da ya shekara, sun dafa masa giya, sun je kabarinsa sun kirawo shi gida?"

"Turawa ne, ba su yin haka."

"To ai ba fatalwa ba ce, dattijo ne aka bari a waje. Da sun yanka akuya, da shirin ya ƙare ranar farko. Naki uban yana raye?"

"Ya rasu tuni."

"Kun dawo da shi?"

Shupikai ta rage murya. "Da ƙyar muka samu ya fita. Sai da aka binne shi uwata ta daina kulle ɗaki."

Tsohuwar ta daɗe tana shafa kazarta.

"Ni ma da aka je ɗauko mijina, kabarin maƙwabcinmu na nuna musu. Shi maƙwabcin mutum ne mai sanyin hali."