Ƙwan Baba Tackett a Gaban Kwamiti

A bencin ƙofar kwamitin majalisar jiharmu, mai ikon soke ƙa'idojin hukumomi, na ji wani tsoho da kwandon ƙwai yana yi wa wata mata ƙorafi. Ban sa baki ba, don babba ba ya son gyara.

"'Yata, ni Orville Tackett, tun ina saurayi nake sayar da ƙwai a bakin titi. Yanzu hukuma ta ce sai da firji, ko a rufe rumfata. Wa ya zaɓe su?"

"Ba kowa, Baba. Shi ya sa ake kawo kuka wurin zaɓaɓɓu. Wane ne wakilinku a ciki? Sun fi sauraron ɗan mazaɓarsu."

"Ni ba na zaɓe. Duk ɓarayi ne."

"Amma ka zo roƙon ɓarayi?"

"Akwai na kirki. Ga wancan mai sanƙon, mun gaisa, har na ba shi ƙwai ya kai wa iyali."

"Daga wannan kwandon?"

"Tun jiya suke bayan motata, lafiyarsu ƙalau. Na ma faɗa masa."

"Baba, wancan ai lauyan hukumar ne."

Tsohon ya dubi kwandonsa, sannan ya ce, "To, ai ya karɓa."