A Bar Mai Jego Ta Gama Wankanta

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Unguwa Kyari, Allah gafarta Malam Liman, wakilin fada Allah ya ƙara maka girma, dattawan Birni da na Zango, ƙannena da 'ya'yana mata da kuke bayan zana, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Na gode da kuka yarda tsohuwa ta miƙe a gaban maza. Ni ce Kellu ungozoma. Yawancin samarin da ke tsaye can baya, ni na yanke musu cibiya.

Da farko ina so ku tuna yadda muka taso. Da cikina na fari ya tsufa, tun Nasara ba su sauka ƙasar nan ba, aka mai da ni gidanmu a Gaffati. Mijina ya aiko da itace kaya bisa kaya. Da na haihu, safe da yamma tukunya tana kan murhu, innata ta tsoma ganyen tsamiya ta yi ta yarfa mini ruwan, ina ihu tana dariya, tana cewa, "Yi ihunki, Kellu, wata rana kya gode mini." In na fito, ga kunun kanwa, ga naman ƙauri ya sha yaji, ga gadon ƙasa an ɗumama shi da garwashi. Ko tsintsiya ba a bari na taɓa ba sai da na yi arba'in. Na koma ɗakina da ƙiba, har maƙwabta suna tsokanata. Haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi mana, talaka da mai hali duk ɗaya.

To, ku ji abin da ya sami Wasila, matar Ɗan Azumi majemi. Kun san kumandan na Nasara ya ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya don aikin ginin bariki. Mijinta an riga an tafi da shi dako arewa. Da gardi, dogarin kumandan, ya yi sallama neman mutum, ita kaɗai ya tarar, ga shi ta haihu ba a daɗe da yin suna ba. Ta ajiye jaririnta, ta ɗauki tulu, ta yi ta hawa tudu da ruwa har jini ya ɓalle mata, ta faɗi. Maƙwabciyarta Talatu ce ta goyo ta zuwa gida. Da ta farfaɗo na ce, "'Yar nan, me ya hana ki ce jego kike?" Ta ce, "Iya, wa zan gaya wa?" Allah ya tashe ta, amma nono ya ƙafe, yau Talatu ke shayar da yaron, Wasila tana zaune tana kallo.

Saboda haka ina roƙo. Ya wakilin fada, a kai kukanmu gaba: kada a ƙidaya mai jego cikin masu aiki sai ta gama wanka. In an ƙi, to unguwa ta fanshe ta, wani gida ya ba da mutum a madadinta. Ni zan fara; wuyana bai manta da tulu ba.

Ku kuma masu jego, ku ci, ku sha, ku kwanta; hutunku ba lalaci ba ne. In jini ya yi yawa, ko zazzaɓi ya rufe ku, kada kunya ta sa ku yi shiru. Ku aiko, ko ina cikin tuƙa tuwo zan ajiye muciya.

Allah ya dawo da mazan da ke kan hanya, ya raya abin da aka haifa, ya bar wa kowane jariri uwarsa. Allah ya tashe mu lafiya.

Na gode.